Ta aiki ko ta aure: yadda na zaɓi hanyar samun Girin Kad daga Kaduna

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, kuma na daɗe ina da takardu biyu a gaban hukumar shige da fice ta Amurka a lokaci guda. Ɗaya wani kamfanin ɗaukar nas-nas ne ya shigar mini, ɗaya kuma maigidana. Duka biyun wuri ɗaya suke kai mutum, wato katin zama na dindindin da ake kira Girin Kad. Doka ba ta hana a shigar wa mutum duka biyun ba, sai dai biza ɗaya ake buga masa a fasfo, saboda haka komai daɗewa sai ya zaɓa. Abokan aiki sun dame ni da tambaya, a ɗakin canza kaya da a WhatsApp, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya tafi.

Mu 'yan Najeriya hanyoyinmu ba su da yawa. Lotirin biza da mutane da dama suka tafi ta cikinsa an cire mu tun 2013, domin ƙa'idarsa ita ce duk ƙasar da ta tura sama da mutum 50,000 cikin shekara biyar ba ta shiga. A farkon 2020 kuma Shugaba Trump ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, sai a Janairun 2021 Shugaba Biden ya ɗage. A wannan shekarar na fara shiri, ina zawarci, ba maganar aure a gabana. Mahaifin 'yata, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun tana ƙarama, albashi kuwa kowa ya san ranar da yake ƙarewa a wata.

Hanyar aiki doguwa ce tun kafin a kai ga maganar biza. Sai makarantar da kika yi ta aika sakamakonki kai tsaye, sai Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta tabbatar da lasisinki, sai wata cibiya a Amurka da a lokacin ake kira CGFNS ta tantance ko karatunki ya kai nasu. Sai jarrabawar Turanci, ni IELTS na yi. Sannan babbar, wato NCLEX, wadda duk nas ɗin da za ta yi aiki a can sai ta ci. Kuɗin rajistarta dala 200, da ƙarin dala 150 ga wanda zai zauna a wajen Amurka, kuma a lokacin ba a yin ta a Najeriya, sai da na je Johannesburg. A 2022 ne, bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, tashar Rigasa a rufe, duk zirga-zirgar neman bizar Afirka ta Kudu ta mota na yi ta a hanyar Abuja, ana tafe ana salati. Kamfanin ne ya biya jirgi da masauki da kuɗin jarrabawa, ni kuma na sa hannu a kwantiraginsu. Zan dawo kan wannan kwantiragin. Waɗanda suka biyo bayana sun fi ni shan wuya, domin a Fabrairun 2024 hukumar jinya ta fito da sabuwar ƙa'ida cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tabbatar mata da takardu, har aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Nas-nas suna da gata ɗaya a wannan hanya. Injiniya ko malamin makaranta, kafin mai ɗaukarsa aiki ya shigar masa da takarda sai ya tallata aikin, ya gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa ba Ba'amurken da ya cancanta ya nema, abin da kan ci fiye da shekara. Nas da masu gashin ƙashi an riga an sa su a jerin sana'o'in da ƙasar ta yarda tana da ƙarancinsu, don haka kai tsaye ake shigar da fom ɗin I-140 a rukunin da suke kira EB-3. Nawa ya shiga a farkon 2023, kamfanin ya biya kuɗin gaggawa, aka amince cikin kwana 15. Amma amincewa daban, biza daban. Tun dokar 1990 bizar zama ta aiki 140,000 ake warewa a shekara, ga duniya gaba ɗaya, kuma mata da 'ya'yan ma'aikatan duk a ciki ake ƙirga su. Ranar da aka karɓi takardarki ita ce lambarki a layi. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya tsaya. A watan Mayun 2023 suka ce sai waɗanda suka shiga kafin 1 ga Yunin 2022, a Agusta kuma suka mayar da shi har 1 ga Mayun 2020. Kamar layin mai ne lokacin wahalar fetur: kina hango famfo, sai a ce a ja da baya. A zauren WhatsApp ɗinmu na nas-nas har da waɗanda suka riga suka ajiye aiki suka sayar da kayan ɗaki.

Ana cikin haka maganar aure ta taso. Abokin Yayana ne tun sakandare, ɗan Tudun Wada, ya tafi ta lotiri kafin a rufe, ya zama ɗan ƙasa, yana tuƙa babbar mota a jihar Ohayo. Sun rabu da matarsa ta fari. Ya san ni tun ina 'yar makaranta, na san shi, iyaye sun san juna, ba wani dogon bincike. Manya suka sa rana a Disamba, lokacin da ya saba zuwa gida. Shi ne ya ce kafin komai mu yi magana da wata lauyar shige da fice ta Zoom, a ji ko takardata ta aiki za ta ci karo da tasa. Tambayar farko da ta yi ba a kaina ba ce, ba kuma a kansa ba. Cewa ta yi, yarinyar shekararta nawa, kuma wane wata aka haife ta?

A nan hanyoyin biyu suka fara rabuwa. A hanyar aiki, 'ya'ya suna bin uwa a takarda ɗaya muddin ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba. Akwai dokar da ke rage wa yaro shekaru a lissafi, amma lokacin da takarda ta yi a teburin hukuma kawai take ragewa, ba lokacin zaman layi ba, ni kuwa tawa mako biyu ta yi a teburin. Idan layi ya ci gaba da ja da baya, yarinya tana iya cika 21 ina nan ina jira, ta faɗo daga takardar. A hanyar aure kuwa, matar ɗan ƙasa ba ta da layi sam, ba iyaka ga yawan bizar da ake bayarwa, sai dai ba ta jan kowa a bayanta. Sai maigida ya shigar wa agolarsa nata fom ɗin I-130 daban, wato fom ɗin ɗauko iyali, kuma ranar da aka shigar shekarunta sun tsaya cak a lissafin hukuma. Sharaɗin ɗaya ne, ba kuma sassauci a kansa: sai an ɗaura auren kafin ta cika 18. Yarinyar za ta cika 18 a Oktoba. Auren Disamba ya makara da wata biyu.

Ni ba zan iya tunkarar Baffa da maganar a matso da aurena ba, Yaya na tura. Ya dawo ya ce Baffa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "To ku gaya mini, aure ake yi don takarda, ko takarda ake yi don aure?" Yaya ya ce masa auren dai an riga an amince da shi, marainiya ake so kar a bari a baya. Baffa ya ce in dai don marainiya ne ba shi da ta cewa. Aka ɗaura bayan Babbar Sallah, a watan Yulin 2023.

Tambayar Baffa ita ce dai tambayar da Amurkawa suke yi, su da fom da hujja suke yin tasu. Tun 1986 suke da doka a kan auren bogi: ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, tarar da za ta iya kai dala 250,000, kuma duk wanda aka tabbatar ya yi, ba za a ƙara amincewa da wata takardar zama da aka shigar masa ba har abada, ko ta aiki ce, ko daga baya ya yi auren gaskiya. Ina faɗin wannan ne don na san akwai masu yawo suna ce wa samari a kawo miliyoyi a haɗa su da wata a can. Mai lasisin aiki a hannu da ya bi wannan, ya rufe wa kansa ƙofa biyu da hannunsa.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tabbatar da auren Bahaushe ga wanda bai san shi ba. Lauya ta tambaya ko mu biyun muna wurin ɗaurin aure. Na ce shi yana masallaci da wakilinsa, ni ina gida cikin mata, Baffa ne waliyyina. Ta yi jim. A dokarsu, auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa gaban juna ba ya zama aure a maganar biza sai an nuna sun tare bayan ɗaurin. Mu a wurinmu haka kowane aure yake, su a wurinsu nau'i ne na musamman mai buƙatar ƙarin hujja. Muka haɗa hatimin shigarsa da fitarsa a fasfo, tikitin jirgi, hotunan walima da na kai amarya, da rasit ɗin gidan da muka kama a Unguwar Rimi. Auren zawarawa ne, ba mu yi niyyar kiran mai hoto ba, dole ta sa aka kira. Ta kuma tambaya ko auren zumunci ne, domin akwai jihohin da ba su halatta auren ɗan wa da 'yar ƙani ba. Mu ba dangi ba ne, amma wanda nasa na zumunci ne ya binciki jihar da zai zauna tun da wuri.

Sai takardun auren baya. Kowane ɗayanmu sai ya nuna yadda aurensa na fari ya ƙare. Mahaifin 'yata da safe ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba wanda ya yi tunanin takarda a wannan rana. Sai da na koma asibiti aka binciko fayil, sannan na je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aka ba ni takardar shaidar rasuwa. Shi kuma takardar sakin da ya rubuta da hannunsa a gaban shaidu, lauya ta ce a kai kotun shari'a a tabbatar, a samo mai hatimi. Wasu suka ba mu shawarar mu je rajista mu sake ɗaura auren kotu don ya fi ƙarfi. Ba mu yi ba. Ƙa'idar Amurka ita ce auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi ya halatta a wurinsu, auren Musulunci kuwa halastacce ne a dokar Najeriya, takardar masallaci da rantsuwar kotu sun wadatar mana. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne mace fiye da ɗaya. A fom ɗin neman bizar, wato DS-260, ma akwai tambaya ƙarara ko za ka shiga ƙasar ne don yin auren mata da yawa. Ƙawayena suka yi ta tsokana wai na tsira daga kishiya. Ni abin da na ɗauka shi ne, wadda aka aura ta biyu alhali uwargida tana nan, wannan hanya ba tata ba ce, kuma gara ta sani kafin a kai sadaki.

Kuɗin fom ɗin I-130 a lokacin dala 535 ne kowane ɗaya, mu biyu ne, daga Afrilun 2024 ya ƙaru. Maigida ya kuma cika I-864, wato alkawarin ɗaukar nauyi, inda sai ya nuna da takardun haraji cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar, gwargwadon yawan mutanen da ke wuyansa. A nan 'yan uwanmu da yawa suke tuntuɓe. Mutum yana tuƙa tasi yana samu, amma a takardar haraji ya rubuta ɗan kaɗan don kar a cire masa da yawa, ranar da zai ɗauko iyali sai takardar ta nuna shi matalauci, ya shiga neman wanda zai tsaya masa. Nawa, alhamdu lillahi, kamfani ke biyansa, komai a rubuce yake.

Daga nan takardu biyu suka yi ta tafiya kowace da saurinta, har a farkon 2025 suka kusa nuna tare. Ta aure ta wuce cibiyar biza ta ƙasa, wato NVC, ana jiran ranar ganawa, layin EB-3 kuma ya matso daf da ranata. Yarinyar tana 19, fargabar cika 21 ta ragu. Wato dalilin da ya sa aka matso da auren ya yi sauƙi, zaɓin ya dawo sabo fil, kuma a wannan karon a kaina yake.

Metiron ɗinmu, wadda na ɗauka uwa a wurin aiki, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "Sista, ki ji maganata. Kin sha wuya kin ci jarrabawarki da guminki. Kar ki shiga ƙasar mutane a bayan namiji. Ranar da rai ya ɓaci zai ce shi ya kawo ki." Ba maganar banza ba ce. Katin da ake samu ta aiki na shekara goma ne, ba sharaɗi. Na aure kuwa, idan auren bai cika shekara biyu ba ranar da kika shiga ƙasar, katin shekara biyu ake ba ki, kuma cikin kwana 90 na ƙarshensa sai ku biyun kun sa hannu a fom ɗin I-751 na cire sharaɗin, kun sake kawo hujjar kuna tare. Macen da aurenta ya yi tsami a wannan tsakanin tana iya zama cikin ƙunci don tsoron rasa takarda. Hajiyata kuwa ta ɗaya gefen ta tsaya. Ita ba ta ga dalilin da mace za ta yi aure sannan ta tafi wata jiha ta zauna ita kaɗai da budurwar 'ya ba. Ta ce, "In zaman nesa da miji kike so, ai ga shi kina yi a Kaduna, ba sai kin hau jirgi ba."

Na ɗauki maganar Metiron na bi ta ɗaya bayan ɗaya da lauya, ba a gaban maigida ba, da saninsa. Abin da na samu ya rage mini tsoro sosai. Idan aure ya mutu kafin shekara biyu, mace tana iya shigar da I-751 ita kaɗai, in ta nuna da gaskiya aka yi auren. Idan ana dukanta ko ana cutar da ita, akwai dokar da ta ba ta damar nema ba da sanin mijin ba. Alkawarin ɗaukar nauyi kuwa shi ya ɗaure, ba ni ba: yana wuyansa har sai na zama 'yar ƙasa ko na yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, kuma ko saki ba ya warware shi. Sai maganar zama ɗan ƙasa, wadda mutane suke ɗauka ita ce babbar ribar hanyar aure, shekara uku maimakon biyar. Ashe wannan ba ruwansa da hanyar da aka bi aka samu katin. Duk mai katin da ke zaune da miji ɗan ƙasa shekara uku tana iya nema, ko ta aiki ta shiga. To wannan bai shiga ma'auni ba.

Sannan na ɗauko kwantiragin kamfanin na sake karanta shi da idon matar aure, ba da idon bazawarar da ta sa hannu a 2022 ba. Shekara uku zan yi musu. Su za su zaɓi asibiti, kuma wanda suka ambata mini yana wata jiha can arewa, tafiyar yini guda cur a mota daga inda maigida yake. Albashin da suka yanka bai kai abin da asibiti ke biyan nas ɗin da ya ɗauka da kansa ba, domin a tsakanin nan suke cin ribarsu. Idan na bar aiki kafin wa'adi, akwai tarar da in aka juya ta zuwa naira za ta sayi gida a Kaduna. Ban ce sun zalunce ni ba, sun kashe kuɗi a kaina lokacin da ba ni da mai kashewa, kuma ga wadda ba ta da wata hanya ciniki ne mai kyau. Amma Metiron tana ganin hanyar aiki 'yanci ce zalla, ni kuwa da na karanta sai na ga ita ma akwai mai cewa shi ya kawo ki, nasa ma a rubuce yake da sa hannun lauya.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne da na tambayi kaina, wai me Metiron take so in riƙe wanda ba mai ƙwace mini? Ba katin ba ne. Katin ko ta wace hanya ya zo, iri ɗaya ne, yana ba ni damar yin aiki a ko'ina. Abin da zai sa in tsaya da ƙafata shi ne NCLEX da na ci da lasisin da ya biyo bayanta, kuma wannan sunana ke kai, ba na kamfani ba, ba na maigida ba. Idan na shiga ta aure, zan nemi a mayar da lasisina jihar Ohayo, in nemi aiki a asibitin da na ga dama, a biya ni cikakken albashi. Takardar tantancewa ta VisaScreen da ake nema ga nas ɗin da ta shigo ta aiki ma ba a tambayarta a bizar aure. Da ban yi jarrabawar ba, da shawarar Metiron ta fi nauyi, kuma duk ƙanwata da za ta auri mazaunin waje, abin da nake gaya mata ke nan: ta tafi da sana'ar da za ta ci da kanta a can.

Na rubuta wa kamfanin na janye. Ba su ji daɗi ba, aka yi ta musayar wasiƙu, a ƙarshe muka daidaita a kan in mayar musu da abin da suka kashe a zahiri, ba tarar gaba ɗaya ba, tunda ban shiga ƙasar da bizarsu ba. Kuɗin da suka kashe lokacin dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, na biya shi tana sama da 1,500. Maigida ya so ya biya duka, na ce a raba, na sayar da filina na Rigachikun na kawo rabi. Hajiya ta ce taurin kai ne. Wataƙila, amma na fi samun barci a haka. Lauya ta ƙara mini da cewa ranar layina ta EB-3 ba ta ɓace ba, idan wani asibiti ya sake shigar mini da takarda nan gaba, da tsohuwar ranar zan shiga.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. Takardar shaidar hali daga 'yan sanda, takardun haihuwa, kuɗin biza dala 325 kowane mutum, gwajin lafiya da allurai a wurin likitan da suka amince da shi. Bizar zama a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake ganawarta, ba a Abuja ba, saboda haka mutumin Arewa ya tanadi kuɗin jirgi da na masauki. Jami'ar tana bayan gilashi, aka ɗauki zanen yatsu, muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Ta tambayi yadda muka haɗu, aikinsa, sunayen 'ya'yansa, yaushe rabona da shi. Ni da ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, ranar na faɗe shi cikakke, da ƙarfi, a gaban 'yar fari. Ta ga takardata ta aiki a kwamfuta, ta tambaya me ya sa na bar ta. Na ce ina so in zauna inda mijina yake. Ta juya ga yarinyar ta yi mata tambaya ɗaya mai nauyi: kin yi aure?

Wannan tambayar ita ta fi ba ni wahala a gida, ba a Legas ba. Bizar yarinyar ta 'yar da ba ta yi aure ba ce, kuma dole ta kasance haka har ranar da ta taka ƙasar. Budurwa mai shekara 19 a Kaduna kuwa ba ta rasa masu sallama, dangin ubanta ma sun riga sun fara maganar wani ɗan uwansu. Su ke da iko da aurenta, ban isa in tsallake su ba. Yaya da Baffa suka je Zariya suka zauna da baffanninta, aka yi musu bayanin cewa ko ɗaurin aure kawai aka yi ba tarewa, bizarta ta mutu. Babban cikinsu ya ce ba su hana ta karatu ba, amma sharaɗinsu duk ranar da aurenta ya tashi a gida za a ɗaura, su ne waliyyai. Muka amince, ita ma ta amince.

An buga mana bizar, kuma wa'adinta wata shida ne daga ranar gwajin lafiya. Abin da ke kan fasfona CR-1 ne, wato mai sharaɗi, domin auren bai cika shekara biyu ba ranar da aka buga. Amma ranar shiga ƙasa ake dubawa, ba ranar bugawa ba. Idan muka sauka bayan auren ya cika shekara biyu a watan Yuli, katin shekara goma ya kamata a ba mu ni da yarinyar, ba I-751, ba kuɗinsa na dala 750, ba sake tara hotuna da rasit. Maigida ya so mu taho tun a watan da aka ba mu, ya ce ya gaji da cin abincin gwangwani a mota. Na lissafa masa abin da 'yan makonnin za su rage mana, ya ce to a yi haka. Mun yanki tikitin tashi mako guda bayan ranar, lauya kuma ta ce in riƙe takardar auren a jakar hannu in nuna wa jami'in filin jirgi kwanan watan da kaina, kar in ɗauka zai lura. Kafin nan akwai dala 235 kowane mutum da za a biya ta intanet don a buga katin, da takardar ajiye aiki da zan kai wa Metiron, wadda har yanzu ba ta sauko daga ra'ayinta ba.